Amalfi, Garin Fatake Da Takarda

A kudancin Italiya, a bakin Bahar Rum, akwai wani ɗan gari sunansa Amalfi, ya maƙale a kwazazzabo tsakanin dutse da ruwa. Mutanensa yau ba su wuce 5,000 ba. Wanda ya gan shi ba zai ce ya taɓa zama ƙasa mai sarautar kanta ba, amma kuwa ya yi, tun daga shekarar 839.

Da yake ba su da filin noma, sai suka sa gaba ga teku. Jiragensu na kai katako Masar da ƙasashen Magariba, su karɓo zinariya, su wuce Kustantiniyya su saro siliki. Kuɗinsu ma, wanda ake kira tari, kwaikwayon rubu'in dinarin Larabawa ne, har da zanen rubutun Larabci a jikinsa. Ƙofofin tagulla na babbar majami'arsu a Kustantiniyya aka zubo su, suna nan har yau.

Sai duniya ta juya. Normawa suka mallake su a 1073, mutanen Pisa suka washe garin a 1135, suka sake a 1137, sa'an nan a 1343 teku ta yi ambaliya ta cinye mashigin jiragen.

Abin da ya tsira shi ne sana'ar da suka koyo wajen Larabawa, watau yin takarda, kuma nan muke so akawuna da malamai su kasa kunne. Tsummokin auduga da na lilin ake tarawa, a zuba a turame na dutse. Ruwan rafin da ya gangaro daga tsauni shi ke juya wata ƙafar keke, ita kuma ta riƙa ɗaga taɓaren itace suna kirɓa tsumman har ya koma kamar kunu. Magini ba ya taɓa yumɓu yadda mai takarda ke taɓa wannan kunun. Ya tsoma rariya mai kusurwa huɗu, ya ɗebo, ya tsane, ya kife a kan bargon ulu, a matse, a shanya. Falle ɗaya ke nan.

Hukuma ba ta yi maraba da ita ba. A 1231 Sarki Firedirik na Biyu ya hana a rubuta takardun shari'a a kanta, ya ce sai fata, don tsoron kada ta ruɓe haƙƙin mutane ya ɓace. A ganinmu tsoronsa ba na banza ba ne. Duk akawun da gara ta taɓa shiga kabad ɗinsa ya san haka. Amma arha ta rinjayi doka.

Ambaliyar 1954 ta rushe yawancin ma'aikatun da suka rage. Gidan Amatruda na yi har yanzu, an kuma mai da wata tsohuwar ma'aikata gidan tarihi, inda ake sakin ruwa baƙi su ga taɓaren suna aiki.