Ƙidayar Tsallake da Manyan Lambobi a Lissafin Hausawa

1.0 Gabatarwa

Ƙidayar tsallake ita ce ƙirgan da ake yi ta hanyar ƙara adadi guda a kai a kai, kamar a ce 5, 10, 15, 20. A makarantun firamare akan koyar da ita da ƙananan lambobi, amma da zarar an ce wa yaro ya ƙirga da ɗari bibbiyu sai ya rikice, musamman idan da Ingilishi aka koya masa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa Hausa ta daɗe da tanadar kalmomin da ke sauƙaƙa wannan aiki, kuma barin su su ɓace asara ce ga harshe da kuma koyar da lissafi.

2.0 Asalinta a Ƙirgan Wuri

Kafin zuwan Turawa, da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa. Tun da ba a shirya shi a zare, dole sai an ƙirga, kuma ƙirga dubbai ɗaya bayan ɗaya ɓata yini ne. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ga yadda ake yi a Tasawa a 1851, inda aka ƙirga wuri 500,000. Ya bayyana cewa biyar-biyar ake jan wurin, sannan a tara shi tsibi-tsibi na 200 ko na 1,000. Matakan ƙirgan su ne:

(a) ja huɗu na biyar-biyar: hauya (20)
(b) hauya biyar: zangu ko ɗari (100)
(c) hauya goma: metan (200)
(d) tsibi biyar na metan: dubu (1,000)
(e) dubu ashirin: keso (20,000)

Abin lura a nan shi ne, duk matakin da aka kai sai ya zama tamkar ɗaya. Mai ƙirga ba ya riƙe 500,000 a ka. Keso 25 kawai yake riƙewa. Wannan tsari bai tsaya ga Hausa kaɗai ba, domin Yarbanci na da ogún (20), igba (200) da ọ̀kẹ́ (20,000), Ibo kuma na da ọgụ (20) da nnu (400).

3.0 Yadda Harshe ke Taimakon Lissafi

Idan ana tsallake da 200, gurbin ɗaiɗai da na gomomi ba sa motsawa. Wanda ya fara daga 35 zai ce 235, 435, 635, 835, 1,035. Gurbin ɗaruruwa ne kaɗai ke juyawa, kuma bayan taki biyar yakan koma inda ya faro, dubu ɗaya ta ƙaru. Ke nan yaron da ya iya 2, 4, 6, 8, 10 ya riga ya iya metan, arbaminya, ɗari shida, ɗari takwas, dubu.

Wahala takan taso ne idan lambar ba cikakkiya ba ce, kamar 198. A nan ma Hausa na da mafita, wato ƙirgan ragi da kalmomin ba, babu ko gaira, kamar yadda ake kiran 19 ashirin ba ɗaya. Idan aka kira 198 metan ba biyu, taki na biyu zai zama arbaminya ba huɗu (396), na uku ɗari shida ba shida (594). Sunan lambar da kansa ya faɗi abin da za a yi: a ƙara 200, a ɗebe 2.

4.0 Abin da ya Wanzu

Wuri ya gushe, amma ɗabi'ar ƙirgan ba ta gushe ba. Bayan da naira ta maye gurbin fam a 1973, jaka, wadda a da fam 100 ce, ta zama naira 200, saboda haka jaka biyar naira 1,000 ke nan. A Jamhuriyar Nijar kuwa dala tana nufin sefa 5, jika kuma dala 200, wato sefa 1,000. Wanda ya taya kaya dala hamsin ya riga ya ninka 5 sau 50 ba tare da alli ko allo ba.

5.0 Kammalawa

Hauya da zangu da keso sun kusa zama kalmomin ƙamus kawai, metan da arbaminya kuma sai a bakin dattawa. Ya kamata masu rubuta littattafan lissafi da Hausa su dawo da su aji a matsayin matakan ƙirga, masu nazarin harsuna kuma su tattara takwarorinsu a sauran harsunan Nijeriya tun masu amfani da su suna raye.