Jan Kunne Ga Masu Babura Masu Hayaƙi Idan Ƙarfin Inji Ya Ragu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tashar Yari ranar Laraba da hantsi, sa'ad da jama'a ke kwararowa kasuwar Makarfi daga ƙauyuka na kusa da na nesa, zai shaida cewa duk da yadda Bajaj Boxer da danginsa suka cika ƙasa, har yanzu ba a rabu da tsofaffin babura masu hayaƙi ba, wato Suzuki AX100, da Jincheng da aka ƙera a kan samfurinsa, da Yamaha DT mai dogayen ƙafafu wanda aka san malaman gona da shi a da. Dalilin wanzuwarsu ba ɓoyayye ba ne, domin ba su da nauyi, kayansu da araha, kuma suna kutsawa fadamun rake na Kudan da garaken tumatir na Ikara, inda ba a maganar mota. Amma kukan masu su kusan ɗaya ne daga Hunkuyi har Paki: babur ba ya ja, yana shaƙewa in an murɗa totur, ko yana katsewa a kan gudu. Amsar da suka fi samu a gareji kuwa ita ce, "Alhaji, sai an sauke inji, a sa fistin da ringi." Wannan hukunci, wanda galibi akan yanke shi tun ba a saurari shaidu ba, shi ne abin da nake so mu yi nazari a kansa.

Wajibi ne a fara sanin ɗabi'ar injin. A cikin irin na Boxer sai fistin ya hau ya sauka sau biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya, kuma akwai baƙin mai kwance a ƙasa yana wanke ƙarafa. Shi kuwa mai hayaƙi, duk hawa ɗaya da wutarsa, ba shi da bawul sai ƙofofi a jikin bulo waɗanda fistin da kansa ke buɗewa yana rufewa, fetur da iska kuma ta ƙarƙashin fistin suke bi kafin su hau sama su ƙone. Saboda haka fetur a wurinsa abinci ne, shi ne kuma mai sanyaya kan fistin, kuma tare da shi man tu-ti ke tafiya ya shafe bulo da boris. Wanda ya riƙe wannan asali, sauran mas'alolin duk rassa ne a gare shi.

Kafin a tuhumi inji, a tura babur da hannu. Sau da yawa taya ce ba iska, ko birki ya kama, ko ceni ya bushe da laka ya yi tauri. Idan kuma ƙarar inji na tashi alhali gudu bai ƙaru ba, musamman in an ɗora buhu a baya, to kuloci ne ke sulɓi, fistin bai san hawa ba bai san sauka ba.

Shaida na farko da za a kira shi ne fulogi, kuma ban san wani mai faɗin gaskiya kamarsa a jikin babur ba. A yi tafiya mai ɗan nisa, a kashe inji, a bari ya huce, a kwance shi a dubi bakinsa. In launinsa ya yi kama da mazarƙwaila, ja-ja mai ɗan duhu kuma a bushe, to fetur da iska suna kan mizani. In baƙi ne wuluk, da kunkunniya ko danƙon mai, fetur ko tu-ti ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan, ko an manta cok a ja. In kuwa ya yi fari kamar toka, to a ji tsoro, zan kuma dawo kan wannan. Tazarar bakinsa a irin waɗannan babura ba ta wuce milimita 0.6 zuwa 0.7. A jingina shi da jikin inji a buga kik: wuta shuɗiya mai ƙara ake nema, ja mai rauni kuwa tana nuni ga koyil ko hular fulogi ko wayar da ta goge. Kada a yi wannan gwaji kusa da buɗaɗɗen tanki ko kwanon fetur, mutane sun ƙone a kan abin da bai kai wannan ba.

Daga nan sai soson da ke tace iska. Ƙasarmu ƙasar ƙura ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne a sama, jar ƙasa a hanya, kuma babur da ke bin bayan motar rake yini ɗaya ya shaƙi abin da zai toshe soso. In ya toshe sai inji ya riƙa zuƙo fetur fiye da kima, ya yi ta gurnani yana hayaƙi, ga shan mai ga rashin ƙarfi. Maganinsa a wanke da kananzir ko ruwan sabulu, a shanya ya bushe sarai, a ɗiga masa mai kaɗan a matse, a mayar. Abin takaici, wasu sukan cire shi su yar, don sun ji babur ya wartsake nan take, ba su san cewa ƙurar da yake tarewa yashi ce mai laushi, wadda in ta gauraya da mai sai ta zama tamkar dutsen wasa tsakanin ringi da bulo.

Fetur kansa abin tuhuma ne. Ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, sa'ad da aka shigo ƙasar nan da fetur mai yawan sinadarin metanol, hukuma ta janye shi, aka yi ta dogayen layuka. In haka ta faru ga abin da ya biyo ta hannun hukuma, ina ga na kwalba da galan a bakin hanya? Ba na yi wa 'yan bumburutu kuɗin goro, akwai masu amana a cikinsu, kuma a ƙauyen da ba gidan mai su ne madogara, amma ruwa da tsatsa da algus na kananzir ta nan suka fi shigowa. A kwance ƙusar da ke gindin kafireta a tsiyaye a kwalba mai haske, in da ruwa za a gan shi kwance a ƙasa. Jet da ya toshe a busa shi da iska, kada a zura masa waya, don ramin da aka auna a masana'anta ba ya komawa in ya buɗe. Babur da ke mutuwa bayan tafiya kaɗan, ya tashi in an buɗe murfin tanki, ƙaramin hujin numfashi na murfin ne ya toshe. Haka salansa: tu-ti da ke ƙonewa yana barin gawayi a cikinta da bakin ƙofar bulo, har hanyar ta ƙuntata, babur ya tashi lafiya amma ya kasa gudu. A kankare ƙofar, a ƙona salansar a fili nesa da danni.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. Tun daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin fetur farashi ya ninka, buƙatar da ta fi yawa a wurin bakanike ita ce a ɗaure kafireta ta rage shan mai, sai ya sauke allura ko ya sa ƙaramin jet. A kwanakin farko mai babur zai yi ta godiya, domin hayaƙi ya ragu, muryar inji ta yi kaifi, lita tana kai shi inda ba ta kai shi da. Wannan lafiya ta yaudara ce. An riga an ce fetur ne ke sanyaya fistin, kuma in gauraya tu-ti ake yi a tanki, rage fetur rage mai ne. Sai zafi ya yi ta hauhawa a ɓoye, fulogi ya yi fari, a fara jin ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in an hau tudu, har ranar da aka ɗauko kaya da tsakar rana a watan Afrilu fistin ya kumbura ya liƙe a bulo, ko kansa ya huje. Abin da aka tara na tsimin wata uku ba zai sayi fistin da gyaran bulo ba. Tattali abin yabo ne a shari'a da al'ada, amma wanda ya hana jakinsa ruwa don rage ɗawainiya, ba tattali ya yi ba.

Irin wannan zafi yana zuwa ko ba a taɓa kafireta ba, in iska na satar hanya. Robar da ke haɗa kafireta da inji takan tsage, haka robar da ke toshe bakin ƙarfen da ke juya inji ta gefen wuta. Alamarsu ita ce a saki totur inji ya ƙi sauka da wuri. In ta gefen kuloci ce ta mutu, sai inji ya riƙa shan man giya, a ga farin hayaƙi mai kauri da wari, man giya kuma yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba.

Game da tu-ti, Suzuki da Yamaha tun shekarun 1960 suke sa famfon da ke auna shi daidai da murɗin totur. Da yawa sun cire famfon sun koma gaurayawa, to in haka ne a auna, kimanin mililita 30 ga kowace lita, a kuma girgiza, ba a kwarara da ido ba. Baƙin mai na mota, balle wanda aka juye, ba a yi shi don ƙonewa ba, gawayi yake tarawa ya daskarar da ringi a raminsa.

Sai bayan an wanke waɗannan duka daga tuhuma ake zuwa ga fistin da ringi, kuma su ma suna da hujjarsu: kik ya yi laushi har hannu na iya tura shi, inji na wahalar tashi da sanyin safiya, ana jin kwaramniya daga bulo, kuma in an toshe ramin fulogi da babban yatsa aka buga kik, iskar ba ta ture yatsan da ƙarfi. Bakanike mai tsoron Allah zai cire salansa ya nuna maka jikin fistin ta ƙofar kafin ya karɓi kuɗinka. In an sa sabo, a tambayi abin da ya kashe tsohon, in ba haka ba sabon ma hanyarsa zai bi, a kuma lallaɓa shi ba gudu ba lodi na kilomita ɗari biyar na farko. Wanda kuwa yana cikin gudu ya ji inji ya yi nauyi farat ɗaya, muryarsa ta shaƙe, to ya damƙe kuloci nan take kafin tayar baya ta ƙame ta kayar da shi, ya gangara gefen hanya, ya bar inji ya huce, kada ya zuba masa ruwa.