Kwalekwalen Katako ko na Roba: Wanne Ya Dace da Mai Iyali?

Wani abokina ma'aikaci a Kano, mai son kamun kifi da fatsa, ya zo mini da shawara kwanakin baya. Yana son abin shiga ruwa da zai riƙa zuwa da shi madatsar Tiga ranar Asabar, wata rana shi kaɗai, wata rana da maiɗakinsa da yara uku. Ya ga kwalekwalen roba, irin wanda ake hura wa iska da famfo, amma hankalinsa bai kwanta ba, don a ganinsa abin da iska ke riƙe da shi ƙaya ɗaya ta ishe shi. Ko dai ya sa kafinta ya haɗa masa na katako irin na masunta?

Na fahimci tsoronsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Yawuri da hantsi ya ga Sarkawa na dawowa daga su, zai yi wuya ya yarda akwai abin da ya kai katako. A da gungumen maɗaci ake fafewa. Yanzu da manyan itatuwa suka yi ƙaranci, falankai ake haɗawa da ƙusa a toshe tsaga da tsumma da kwalta. Jirgi ne mai haƙuri. A ja shi a kan tsakuwa, a zuba masa kurungu da ƙayoyinsa masu kaifi, a jibga mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, a yar da wuƙa a cikinsa, duk ba ya kuka. Siririn jikinsa na ratsa kachalla a fadamun Haɗeja da Nguru, inda abu mai faɗi zai maƙale. Nauyinsa na zaunar da shi cikin ruwa, iska ba ta wasa da shi. In ya fara yoyo kuma, a hankali yake yi: a kwashe ruwan da ƙwarya har a kai gaɓa, gobe kafintan ƙauye ya gyara. Wanda ruwa ne gonarsa, wannan ne jirginsa, ba na ja da haka.

Sai dai katako na son mai shi ya zauna kusa. In aka bar shi a tudu rana ta gasa shi, sai ya tsattsage. In aka bar shi a ruwa, sai an sami mai tsaro. Ba ya shiga bayan mota. Mutumin da zai zo sau biyu a wata daga nisan fiye da sa'a guda, ya sayi jirgi ne ga wasu. Abin da ya fi damuna kuma shi ne tangaɗi. Ɗan masunci tun yana rarrafe ya koyi zama a tsakiyar kwalekwale, jikinsa ya san inda nauyi yake. Yaron birni da ya hango kifi zai miƙe ne ya leƙa, ƙannensa su bi shi gefe guda.

A nan roba ta yi zarra. Faɗi gare ta, kuma iskar da ke ɗauke da ita tana gefe ne, daidai inda yaro ke jingina. Ta ƙwarai an raba cikinta gida uku ko fiye, kowane da bakin hurawarsa, ta yadda in ƙugiya ta huda ɗaya sauran za su riƙe mutane har gaɓa. Ko ruwa ya cika ta ba ta nutsewa. A 1952 wani likita Bafaranshe, Alain Bombard, ya tsallake tekun Atilantika shi kaɗai cikin jirgin roba ƙirar Zodiac, ya yi kwana 65 daga tsibiran Kanari zuwa Barbados. Mu ma dogaro da iska ba baƙo ba ne a wurinmu: masuncin Argungu da ke kifa ciki a kan gora a Matan Fada, homa a hannu, iskar cikin goran ce ke riƙe da shi. In an gama yawo kuma, a sace iskar, a naɗe, a jefa a but.

Amma roba suna ta tara. Akwai ta wasan yara, mai laushi kamar leda, wadda aka yi don kwamin wanka na otal. Wannan kada ta kusanci Tiga. Ta aiki zare ne saƙaƙƙe aka lulluɓe da PVC ko Hypalon. PVC ta fi araha, sai dai rana na cinye ta kuma zafi na sassauta gam ɗin da ya haɗa ta. Hypalon ta fi jure rana, kuɗinta ne da nauyi. A ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya hura jirgi tam da sanyin safiya ya bar shi a kan yashi, kafin azahar iskar ta kumbura tana neman mafita ta wajen haɗi. Dole a rage mata in za a ajiye a rana, a kuma adana ta a inuwa, nesa da ɓera. Facinta ma da gam na musamman ake yi, wanda mai facin taya na bakin titi ba lallai ya kasance da shi ba.

Babban maƙiyinta iska ce ta sama. Ba ta da nauyi, a kan ruwa take zaune kamar ƙwarya, don haka iskar hunturu ko guguwar da ke gaban hadari na iya kora ta tsakiyar tafki, mai filafili yana tuƙi yana ganin gaɓa na nisa. Shi ya sa ba zan shiga da ita buɗaɗɗen ruwan Kainji ba, inda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968 ke nan a ɓoye, balle inda dorina take.

Ba zan iya wannan magana ban tuna 2021 ba. A watan Mayu jirgi ya kife kusa da Wara a jihar Kebbi da mutane masu yawan gaske. Ƙarshen Nuwamba kuma wani ya nutse a Bagwai, akasarin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya da ke hanyar Mauludi. Allah Ya jiƙan su. A duka biyun an yi maganar lodi fiye da ƙima. Jirgin roba na ƙwarai yana zuwa da tambari da ke faɗin mutum nawa da kilo nawa zai ɗauka, na katako kuwa sai abin da idon ɗan fito ya yanke. Tambarin na da amfani ne kawai ga wanda zai ƙirga kansa da yaransa da kular abinci kafin ya tura jirgi.

Na ce wa abokina ya sayi na roba, mai gida uku da daɓen katako ko mai tauri a ƙasa, wanda aka rubuta wa mutum shida ko da yake su biyar ne. Kifin da ya kama ya zuba a bokiti, ƙugiyoyi a gwangwani mai murfi. Ya fara sayen rigunan kariya biyar, na yaran daidai jikinsu, kafin ya biya kuɗin jirgin. Ranar farko kuma ya je ya gaida sarkin ruwan wurin, ya tambaye shi ta ina iska ke tasowa da la'asar.