Alkaki: Abin da Ke Faruwa a Tukunya Kafin Ya Iso Faranti

Kowace ƙasa da irin kayan zaƙin da take ajiye wa lokacinsa. A Amurka, idan tuffa ta nuna wajen ƙarshen shekara, iyalai kan yanka ta su zuba mata narkakken sukari, su lulluɓe da kwaɓin fulawa su gasa, musamman a bikin godiyar da suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Mu nan ba mu da itacen tuffa, domin ita sai ta sha sanyin da ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba kafin ta yi fure. Wadda muke gani a tire cikin Sakkwato daga nesa ake kawo ta, tsadarta kuwa ba ta barin kowa ya yi tunanin dafa ta. Namu shi ne alkaki. Daga Boɗinga zuwa Sifawa, daga Shagari zuwa Kajiji, idan ka ji ƙamshinsa yana tashi daga wani gida, to ko dai Salla ta matso ko ana shirin garar amarya.

Abin da ya sa muka ɗauko shi a wannan fitowa shi ne, da yawa daga cikinmu mun iya ci, ƙalilan ne suka iya yi. Biskit na leda ya fara ture shi daga farantin baƙi. Ga shi kuwa rabin abin da ake koya mana a darasin kimiyya yana cikin tukunyar alkaki.

Mu fara da alkama. Sunan nan nata daga Larabci muka aro shi, haka ma sunan alkakin kansa. Alkama ba ta son zafi, shi ya sa ba a shuka ta da damina. Sai hunturu ya shigo, a Nuwamba ko Disamba, manoman rani na wurare irin su Wurno da Goronyo suke shuka ta su yi ta ban-ruwa, a girbe wajen watan Maris. Wahalar nomanta ta sa tun da can ba abincin kullum ba ce kamar gero da dawa. Ta biki ce da saukar baƙo. Har yau ma mafi yawan alkamar da Nijeriya ke ci daga ƙasashen waje ake sayo ta.

Mai yin alkaki ba ta kai alkama a niƙe ta luƙui kamar fulawa. Ɓarza ta ake yi, ta fito da ɗan tsaki-tsaki. Sai a murje garin da man gyaɗa kaɗan, a kwaɓa da ruwa da ɗan nono mai tsami ko yis, a rufe, a bar shi ya kwana. Cikin daren nan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke cin zaƙin da ke cikin garin, suna fitar da iska da tsami. Iskar ce take buɗa ƙananan ƙofofi cikin kwaɓin. Ku riƙe zancen ƙofofin nan, za mu dawo kansu.

Da safe sai a jiƙa kanwa a tace, a zuba ruwanta. Kanwa kishiyar tsami ce. Idan suka haɗu sai ta kashe kaifinsa, wata iskar kuma ta ƙara fita. Nan ne gwaninta take: kanwa ta yi kaɗan, alkaki ya yi tsami, ta yi yawa, ya yi ɗaci ya yi duhu tun bai soyu ba. Daga nan sai turmi. Ana kirɓa kwaɓin har ya yi danƙo, saboda a cikin alkama akwai wani sinadari mai yauƙi wanda gero da dawa ba su da shi, kuma bugu ne yake sa shi ya haɗe. Don haka ne za ka iya murza kwaɓin alkama ya yi tsawo kamar igiya, ka naɗe shi a yatsu biyu ka fitar da siffar nan ta alkaki, amma ka gwada da garin dawa ka ga yadda zai warwatse maka.

Wajen suya, wuta matsakaiciya ake so. In mai ya yi zafi da yawa, baya ya ƙone ciki na ɗanye. Jan da alkaki ke yi a kasko ba ƙonewa ba ne. Haɗuwa ce tsakanin zaƙin alkama da sinadarin gina jiki da ke cikinta, wadda wani masani ɗan Faransa mai suna Maillard ya bayyana a shekarar 1912. Ita ce dai take ba ɓawon burodi da tsire launinsu da ƙamshinsu, kuma kanwa tana ƙara mata sauri.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, wato dahuwar sukari. A da zuma ake tsoma alkaki ciki, har yanzu kuma wanda ya ci na zuma ya san da bambanci. Tsadar zuma ta sa aka koma sukari. Gidaje sun bambanta wajen awo, amma gwangwani uku na sukari da biyu na ruwa ba zai ba ka kunya ba. Ruwa zalla yana tafasa ne a digiri 100, kuma komai yawan itacen da ka tura ba zai wuce nan ba. Ruwan sukari ba haka yake ba. Yayin da ruwan ke ƙonewa, zafin sai ya yi ta hawa. Wajen digiri 110, in ka ɗiga a tsakanin yatsu bayan ya huce, za ka ga yana jan zare. Daidai alkaki ke nan, a sauke. In aka bar shi ya kai wajen 150, ya zama na alewa, wanda in ya huce sai ya ƙame ya riƙa karyewa kamar kwalba. Daga 160 zuwa 170 sukarin da kansa yake fara sauyawa, ya koma ruwan zuma, ya yi wani ƙamshi mai daɗi. Wannan ne Turawa ke zuba wa tuffarsu. Tsakanin nan da baƙi mai ɗaci kuwa, ɗan lokaci ne ƙwarai. Kafin ka leƙa zaure ka dawo, sukarin gwangwani uku ya tashi a banza.

Iyayenmu ba su da ma'aunin zafi, amma ba su cika kuskure ba. Da ido da hanci da ɗigo ɗaya a cikin ruwan sanyi suke gane matakin da aka kai. Mu a ganinmu wannan awo ne cikakke, lamba ce kawai babu.

To, me ya kawo tsamiya ko lemun tsami cikin tukunyar sukari? Wasu na zaton don ɗanɗano ne. Ba shi kaɗai ba ne. Sukari idan ya huce yana son ya koma ƙwaya-ƙwaya yadda yake tun farko, sai ka ga alkaki ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gishiri. Tsami da zafi suna raba ƙwayar sukari gida biyu, gulukos da furuktos, waɗanda ba sa saurin daskarewa. Su ne kuma ainihin abin da ke cikin zuma. Ashe mai jefa tsamiya a tukunya zuma take kwaikwayo. Sai a tsoma soyayyen alkaki, ruwan sukarin ya bi ta ƙofofin nan da iska ta buɗa tun daren jiya ya ratsa har ciki. Alkakin da bai kwana ba, zaƙinsa a baya yake tsayawa.

Akwai gargaɗi, musamman ga ƙannenmu da ke zagaye murhu suna jiran na ɗanɗano. Tafasasshen sukari ya fi tafasasshen ruwa haɗari, don ya fi shi zafi, kuma yana manne wa fata. In ya zubo wa wani, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20. Kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko manja ko gishiri, kada kuma a fasa bororon. In ƙunar tana da faɗi, ko a fuska take ko a hannu, ko ƙaramin yaro ne, sai asibiti. Idan kuma mai ya kama wuta a kasko, ba a watsa masa ruwa, rufe shi ake yi da murfi a janye itace. Da iskar hunturu da dangar kara, tartsatsi ɗaya ya isa.

Salla tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, saboda haka wata shekarar a yi alkaki da sanyi, wata shekarar da damina, kuma masu yi sun san ba ɗaya ba ne. Sukari yana jan danshi daga iska. Da hunturu alkaki yana zama garas, da damina kuwa in ba a rufe shi ruf ba sai ya saki ya yi laushi. Wannan halin na sukari shi ne kuma yake tsare shi daga lalacewa, domin yana tsotse ruwan da ƙwayoyin ruɓa ke buƙata. Shi ya sa ake jera shi a fanteka a kai gidan amarya, ta yi makonni tana ba 'yan ganin ɗaki.