Hannu Ya Sani, Kai Ya Ɓata Lissafi

Duk wanda ya ratsa fadamun ƙasar Bagudo lokacin da shinkafa ta fara nuna ya san ƙarar majajjawa. Yaro ɗan shekara goma a Geza zai wulwula ta sau uku ko huɗu, ya saki igiya ɗaya, hoge ya tafi ya faɗa tsakiyar tsuntsayen jan-baki. Bai taɓa shiga ajin kimiyya ba, amma da wuya ya yi kuskure.

To, ba wa yayansa da ke sakandare takarda, ka ce ya zana hanyar da hogen ya bi bayan an sake shi. Sau da yawa zai zana shi yana ci gaba da lanƙwasa gefe, kamar wulwulawar ta bi shi. Ba haka abin yake ba. In ka duba daga sama, hogen miƙewa yake yi sak ta inda ya dosa a daidai lokacin sakin. Lanƙwasa ɗaya ce kurum, ta gangarowa, wadda ƙarfin janyowar ƙasa ke haddasawa.

Kada a ɗora laifin a kan yaranmu. A 1980 Michael McCloskey da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun yi wa ɗaliban jami'a irin wannan tambaya, da dama suka zana lanƙwasar, har da waɗanda suka karanta fiziks. Tunanin da ke ƙarƙashin kuskuren tsoho ne: wai mai jifa yana zuba wani ƙarfi a cikin dutse, shi ke tafiyar da shi. Ibnu Sina da kansa, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayani mai kama da haka. Sai a 1638 Galileo ya bayyana cewa tafiyar gaba daban, faɗowa daban, ko da yake tare suke faruwa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke koyarwa. Ɗalibi ya haddace lissafin, ya ci jarrabawar WAEC, tsohon tunanin na nan daram. Shi ne za ka gani ya diro daga motar a-kori-kura tana tafiya a hanyar Tsamiya, yana zaton da zarar ya rabu da ita gudunta ya rabu da shi. Jikinsa kuwa na ɗauke da gudun motar har ƙafarsa ta taɓa ƙasa, sai ya kifa da fuska.

Malamin da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje yana da fili a bayan aji. Ya sa kowa ya zana hasashensa tukuna, sannan a kira ƙanen ya wulwula majajjawarsa.