FUREN WARDI A TSAKAR GIDA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan takarda domin a karanta wa dagatai da masu unguwanni na cikin birnin Kano, su kuma su isar wa jama'a.

Tun da aka soma gina ganuwa zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, har Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta tsakanin 1463 da 1499, ba a taɓa cike cikin birni da gidaje ba. An bar gonaki da lambuna a ciki. Yau gine-gine sun cinye yawancinsu, an cike kududdufai da yawa, tsakar gida ta ƙuntata. Duk da haka mutane ba su daina sha'awar ganin tsiro a gidajensu ba, shi ya sa da yawa suke sayen dashen wardi. Abin baƙin ciki, galibi ba ya ƙetare bazara guda. Wani kuma garin ban ruwa sai ya jiƙa gindin katangarsa, gara ta shiga, damina ta zo ta kayar. Wardi yana rayuwa a Kano sarai, muddin an zaɓi irin da ya dace, an kuma bi lokutan ƙasarmu.

IRIN DA ZA A ZAƁA

Wardin da jama'a suka fi sani ta wajen turare shi ne na Dimashƙa. Shi ake nomawa a duwatsun Ɗa'ifa ta ƙasar Makka, da Turkiyya, da Bulgeriya. Akan tara fure kilo 3,000 zuwa 4,000 kafin a tatsi kilo guda na mansa, dalilin tsadarsa ke nan. Amma wannan iri yana son sanyin tudu, kuma galibinsa sau ɗaya yake fure a shekara. Ba shi ne na tsakar gidan Kano ba.

Wanda ya dace da mu gajere ne, mai tara rassa, tsawonsa ƙafa biyu zuwa uku, furensa ƙanana masu ruwan hoda, suna fitowa cunkus a kan reshe guda. Asalin halinsa na yawan fure daga wardin ƙasar Sin yake, wanda aka kai Turai a ƙarni na 18 aka yi ta haɗa shi da na can. Ɗaya daga cikin sanannunsa shi ne wanda aka fitar a Ingila a 1932, aka sa masa suna The Fairy. Ƙanshinsa kaɗan ne, amma yana da juriya. Wanda yake son ƙanshi sai ya shinshina kafin ya biya.

Mai saye ya kiyaye abu biyu. Na farko, dashen da aka kawo daga Jos ya tashi a tudun da ya kai mita 1,200, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. Gara a sayi wanda ya riga ya yi bazara a hannun masu lambun Kano. Na biyu, kada a rikita wardi da ƙariya, itacen nan mai kumburarren gindi wanda shi ma furensa ruwan hoda ne, wanda ake yi wa karin magana cewa fure yake ba ya 'ya'ya. Ƙariya ba ta da ƙaya, kuma ruwan jikinta dafi ne, bai kamata yara su yi wasa da ita ba. Wardi yana da ƙaya, bakin ganyensa kuma kamar haƙoran zarto.

WURIN DASAWA

Wardi yana bukatar rana kamar awa biyar ko shida, amma ranar hantsi yake so. A ajiye shi ta wajen katangar yamma ta tsakar gida, yana fuskantar gabas. Da haka zai sha hantsi, in rana ta karkata katanga ta yi masa inuwa.

Idan ginin ƙasa ne, lalle a bar kamu biyu tsakaninsa da katanga, kada kuma a sa shi ƙarƙashin indararo. Wanda tsakar gidansa ta sha siminti, ko ba ta da faɗi, sai ya dasa a tukunyar ƙasa ko tsohuwar randa mai zurfin ƙafa ɗaya da rabi. A huda gindinta, a zuba tsakuwa kaɗan, a ɗora ta bisa duwatsu uku kamar murhu domin ruwa ya tsiyaye, gara kuma ta rasa hanya. Tukunyar ƙasa ta fi garwa ko bokitin roba, gama ita tana sanyaya saiwa kamar yadda take sanyaya ruwan sha, su kuwa gasa ta suke yi.

Ƙasar da za a zuba kashi uku ce daidai wa daida: ƙasar fadama, da rairayi, da takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. A dā takin birni abin nema ne, jakuna suna fita da shi ƙauye suna komowa da itacen wuta. Jujin yau cike yake da leda da tsohon batir da toka, bai dace ba sai an tankaɗe. Wardi ba ya son ƙasa mai yawan toka ko kanwa. Ganyensa rawaya yake yi.

BIN LOKUTA

Kaka. Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, da ɗaukewar ruwa, shi ne lokacin dashe. Shi ne kuma lokacin aski ga tsohon itace: a yanke busassun rassa da waɗanda suka sarƙe, a rage sulusin tsawon sauran da wuƙa mai kaifi, a ƙara taki. Haka masu lambun arewacin Indiya suke yi, su da yanayinsu ya yi kama da namu. Daga cikin rassan da aka yanke a zaɓi masu kaurin fensir, tsawon inci shida zuwa takwas, a cire ganyen ƙasa, a soka rabinsu cikin rairayi mai laima a inuwa. Bayan mako huɗu zuwa shida wasu za su yi saiwa. Ta haka itace guda yake wadatar da maƙwabta ba da ko kwabo ba.

Hunturu. Mako shida zuwa takwas bayan aski fure yake fitowa, watau cikin Disamba, kuma daga nan zuwa Fabrairu ne ya fi kyau. Duk furen da ya yi yaushi a tsinke shi domin wani ya biyo. Ƙura tana toshe ganye, tana kuma jawo waɗansu ƙananan ƙwari jajaye masu saƙa kamar ta gizo-gizo a bayan ganye. A wanke ganyen da ruwa sau ɗaya a mako, da safe.

Bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. A nan ne yawancin wardi yake mutuwa. Kada a yi masa aski, kada a ba shi takin zamani. A matsar da tukunya inuwa, ko a kafa masa zana ta wajen yamma. A rufe ƙasar da ɓawon gyaɗa, amma kada ya taɓa gindin, saboda gara. In furensa ya ƙanƙance ya koɗe, ba ciwo ba ne, hutawa yake yi.

Damina. Daga Yuni zuwa Satumba laima ce abokiyar gaba, musamman cikin Agusta. Baƙin ɗigo yana fitowa a ganye, ganyen ya yi rawaya ya zube. A tsince shi a ƙone. Kada a bar ruwa ya kwanta a gindi.

BAN RUWA DA TSARO

Kowa ya san abin da jarka take ci a hannun 'yan garuwa, don haka ba a ce a saya wa fure ruwa ba. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko gero sun isa itace ɗaya ko biyu. Abin da aka hana shi ne ruwan sabulu, da mai gishiri, da ruwan karofi ko na majema, da na kwata irin ta Jakara. A soka yatsa cikin ƙasa: in gaɓa biyu ta bushe a ba da ruwa har ya ɗigo ta ƙasa, in da laima a bari. Da bazara tukunya takan bukaci ruwa kullum da sassafe.

In darɓa ta kama tofo, a daka 'ya'yan darbejiya cikin tafi biyu, a jiƙa a rabin bokiti ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Wannan ya fi maganin feshin gona aminci a gidan da yara da kaji suke. Akuya kuwa ba ta tsoron ƙayar wardi, sai an yi shinge.

ROƘO GA HAKIMAI

Ana roƙon Hakimai su umarci masu unguwanni su lura da abu uku. Kada a jera tukwane a lungu har su tare wa mutane hanya ko su toshe magudanar ruwa. Kada a dasa a jikin katangar da ta haɗa maƙwabta biyu, domin irin wannan ce takan zama ƙara a gaban Hakimi. Kada kuma a bar ruwa ya kwana da kwanaki a faranti ƙarƙashin tukunya, gama sauro yakan ƙyanƙyashe cikin mako guda zuwa kwana goma.

Malamai su riƙa tuna wa jama'a wannan bayani tun farkon Satumba, kafin lokacin dashe ya wuce. Wanda bai taɓa yi ba ya soma da tukunya guda. In ta ƙetare masa bazara, kaka mai zuwa ya yanki reshe ya ba maƙwabcinsa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Haza wasalam.