Amanar Numfashin Yaro: Abin da Ya Wajaba Iyaye Su Sani Game da Ciwon Asma

 Ya ku ƴan'uwa masu saurare a Tabotaki da kewaye, ku sani ƴaƴa amana ne, kuma amana ba ta tsaruwa sai da sani.

Asma ciwo ne na hanyoyin numfashi: sukan kumbura su ƙuntata, sai yaro ya riƙa tari da dare, ƙirjinsa yana fito kamar sarewa. Ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare, don haka kada a ware yaron daga ƴan'uwansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke ɗauke da shi.

Farkon abin da za a sani shi ne masu tayar da shi: ƙurar hunturu, ƙaiƙayin sussuka, hayaƙin itace da na taba, da turaren wuta. A wannan wata mai alfarma uwa takan yini gaban murhu tana haɗa abin buɗa-baki, da goyo a bayanta. Duk hayaƙin da ta shaƙa, shi ma ya shaƙa. Ki sauke shi, ki ba wani ya riƙe shi nesa da wuta. Abin da ya fi ban tausayi shi ne numfashin yaro ya sarƙe, a ce iska ce ta taɓa shi, a lulluɓe shi da zane a yi masa hayaƙi. Wannan ƙara wa wuta itace ne.

Na biyu shi ne magani. Maganin shaƙa da likita ke bayarwa yana buɗe hanyar numfashi cikin ƴan mintoci. Zancen cewa wanda ya fara shi ya zama bawansa ba gaskiya ba ne. Uba ya tsaya a nuna masa yadda ake fesawa, ya maimaita a gaban ma'aikacin lafiya. Tambaya ba ta rage girman rawani. Yaron da bai balaga ba azumi bai hau kansa ba, balagaggen da ciwo ya tasar wa kuwa shari'a ta yi masa sauƙi, ya sha ya rama.

Na uku, alamomin haɗari: haƙarƙari na lotsawa, yaro ya kasa magana ko shan nono, leɓɓansa su sauya launi. Idan kun ga haka, kada ku jira wayewar gari. Ku nufi likita mafi kusa, in an tura ku asibitin Buza ko Madawa ku tafi. Addu'a a baki, ƙafa a kan hanya, wannan shi ne tawakkali.

Allah shi ba marasa lafiyarmu lafiya, shi karɓi azuminmu. Amin.